Ƙungiyoyi 18 a hannun koci ɗaya: me tarihin Ranieri yake nunawa?

Tambaya: Muna yawan musu da abokaina a kan Claudio Ranieri, kocin ƙwallon ƙafa ɗan Italiya. Ni ina cewa duk kocin da ya yi ta yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan, ana korarsa ana sake ɗaukarsa, ba gwani ba ne, kuma kofin Firimiya da ya ci a Leicester a 2016 sa'a ce kawai. Gwani shi ne irin Ferguson da ya zauna wuri ɗaya. In ba haka ba ne, me ya sa irin waɗannan ba sa zama, kuma me ya sa ake ta ɗaukar wanda aka kora?

Ɗan'uwa, a wannan musun ina bayan abokanka, duk da akwai ɓangaren da zan ba ka gaskiya idan mun iso wurin. Yawan ƙungiyoyin da koci ya riƙe ba ya gaya maka ƙwarewarsa. Abin dubawa shi ne halin da ya tarar da kowace ƙungiya, aikin da aka kira shi ya yi, da halin da ya bar ta a ciki.

Mu fara da Ferguson, domin shi ne ke rikita lissafin. Ya karɓi Manchester United a Nuwamban 1986, kuma bai ɗaga kofi ko ɗaya ba sai a 1990, lokacin da ya ci Kofin FA a kakar da ƙungiyar ta ƙare ta 13 a teburi. Gasar lig kuwa sai a 1993 ta zo hannunsa. Wace babbar ƙungiya ce a yau za ta jira koci shekara shida da rabi kafin ya kawo mata lig? Shi kansa kafin ya zo Manchester ya riƙe East Stirlingshire da St Mirren da Aberdeen, kuma St Mirren korarsa ta yi a 1978. Daɗewar koci a wuri ɗaya hukunci ne na masu ƙungiya kafin ta zama zaɓin kocin. Ferguson da Wenger da Guy Roux na Auxerre da Simeone, wanda ke Atletico Madrid tun Disamban 2011, muna iya lissafa sunayensu ne saboda ƙarancinsu. Rayuwar yawancin masu horarwa irin ta Ranieri ce.

To, bi hanyar Ranieri da ni. Bayan ya fara da ƙananan ƙungiyoyi biyu a kudancin Italiya, ya karɓi Cagliari a 1988 tana rukuni na uku. Cikin kaka biyu a jere ya hau da ita har Serie A, babbar gasar Italiya. Napoli ta ɗauke shi a 1991, daidai lokacin da Maradona ya bar ta, wato aikin da kowa ya san ba za a gode wa wanda ya karɓa ba, amma ya kai ta ta huɗu da Gianfranco Zola a gurbin Maradona. Fiorentina ta faɗa Serie B, wato rukuni na biyu, a 1993, ya dawo da ita a shekara ɗaya, sannan ya ci mata Kofin Italiya a 1996 da Batistuta da Rui Costa. A Valencia ya ci Kofin Sarki a 1999, kuma ƙungiyar da ya bari ce Hector Cuper ya kai wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai sau biyu a jere, a 2000 da 2001.

Chelsea ce ta fi nuna abin da nake nufi. Ya zo a Satumban 2000, lokacin da ƙungiyar ke cike da manyan 'yan wasa da shekaru suka fara ja, ga kuma bashi a wuyanta. Shi ya sayo Frank Lampard daga West Ham a 2001, ya kawo William Gallas, ya kafa John Terry a tsakiyar baya. A ranar ƙarshe ta kakar 2002/03 ya doke Liverpool da ci 2-1 ya samu gurbin Zakarun Turai, bayan 'yan makonni Roman Abramovich ya sayi ƙungiyar. A kakar da ta biyo ya ƙare na biyu, bayan Arsenal ɗin da ba a doke ta ko sau ɗaya a lig ba, kuma ita wannan Arsenal ɗin ya fitar da ita daga Zakarun Turai. Ya yi kuskure a wasan kusa da na ƙarshe da Monaco, canjin 'yan wasan da ya yi a wasan farko ya ɓata tsarin ƙungiyarsa, kuma sukar da ya sha a kai ta dace. Amma tun kafin wannan wasan kowa ya san sabon mai ƙungiya na neman nasa mutumin. Da Mourinho ya ɗauki lig a 2005, Terry da Lampard da Gallas da Makelele duk tarar da su ya yi. A takarda za ka ga "an kore shi daga Chelsea, bai ci kofi ba". Wanda ya kalli wasannin ya san waye ya yi ginin.

Daga nan tsarin bai canza ba. Parma ta kira shi a Fabrairun 2007 tana gab da faɗuwa, ya tsirar da ita. Juventus ta kira shi tana dawowa daga Serie B bayan badaƙalar alƙalan wasa ta 2006, ya kai ta ta uku a kakar farko. Roma ta kira shi a Satumban 2009 bayan ta sha kashi a wasanni biyun farko, ya ƙare na biyu, maki biyu kacal tsakaninsa da Inter ɗin Mourinho da ta ci kofi uku a shekarar. Monaco ya tarar da ita a rukuni na biyu na Faransa, ya ci gasar rukunin a 2013, ya ƙare na biyu a babbar gasa a 2014, aka sallame shi duk da haka.

Akwai inda ya gaza, kuma ba zan rufe su ba. A Atletico Madrid ya ajiye aiki a farkon 2000 ƙungiyar na nitsewa, ta kuma faɗa rukuni na biyu. Zamansa na biyu a Valencia bai yi kyau ba, haka Inter. Da tawagar ƙasar Girka abin ya fi muni, domin Tsibiran Faro sun bi shi har gida sun doke shi da ci 1-0 a Nuwamban 2014. Fulham da Watford duk 'yan watanni ya yi, kuma duka biyun sun faɗi a ƙarshen kaka. Duk wanda ya karɓi ƙungiyoyin da suka lalace sau da yawa haka, dole wasu su fi ƙarfinsa.

Batun Leicester da ka kira sa'a, ban yarda ba. Akwai sa'a a ciki, manyan ƙungiyoyi sun yi sanyi a kaka ɗaya kuma 'yan wasansa ba su sha rauni sosai ba. Sai dai wasa 38 ake yi, sau uku kawai aka doke shi, ya tara maki 81, ya ba Arsenal tazarar maki 10. Abin da ya fi burge ni a matsayin mai nazarin aikin horarwa shi ne abin da ya ƙi taɓawa. Ya tarar da ƙungiyar da ta ci wasa bakwai cikin tara na ƙarshen kakar baya a hannun Nigel Pearson, ya bar mataimakan da ya tarar irin su Craig Shakespeare da Steve Walsh, bai rushe zumuncin 'yan wasan ba. Mutumin da 'yan jaridar Ingila suka daɗe suna zargi da yawan canza 'yan wasa sai ga shi yana fitar da kusan mutum 11 ɗin nan mako bayan mako. Ya gyara baya, ya bar Kante yana ƙwace ƙwallo, Mahrez da Vardy suna kai farmaki cikin sauri. Sanin abin da za ka bari yadda ka same shi ilimi ne da mutum ke samu bayan ya shiga ɗakunan sauya kaya da yawa a matsayin baƙo. Yawon da kake ganin aibu ne, shi ya koya masa wannan. Wata tara bayan ɗaga kofin, a Fabrairun 2017, Leicester ta kore shi tana maki ɗaya sama da layin faɗuwa. Kante ya tafi Chelsea, sabbin da aka sayo irin su Islam Slimani da Ahmed Musa ba su samu gurbi tabbatacce a tsarin ba, abokan hamayya kuma sun daina buɗe masa fili a baya.

Yanzu ga tambayarka ta me ya sa ba sa zama. Dalili na farko lissafi ne tsantsa. Idan ƙungiya ta fara shan kashi a watan Oktoba, kasuwar musayar 'yan wasa a rufe take, 'yan wasa 25 kowa na da kwantiragi, mai ƙungiya ba zai kori kansa ba, daraktan wasannin da ya sayo 'yan wasan kuma shi ne ke zaune kusa da kunnen mai ƙungiya. Mutum ɗaya ne ake iya canzawa yau a ga sabon abu ranar Asabar. Faɗuwa daga gasa irin Firimiya na nufin asarar kuɗin talabijin masu yawan gaske, saboda haka diyyar koci, komai tsadarta, ƙarama ce a idon mai ƙungiyar da ke jin tsoro.

Wani abu da ke ƙarfafa musu gwiwa shi ne sakamako yakan ɗan gyaru bayan an kawo sabon koci. Amma ka lura da lokacin da ake kora: daidai sa'ad da abubuwa suka kai maƙura wajen lalacewa. Ƙungiyar da ta faɗi ƙasa da ƙarfinta na gaskiya galibi za ta farfaɗo ko an canza ko ba a canza ba, domin masu rauni sun warke, jerin wasanni masu wuya ya wuce, ƙwallon da ke dukan turke ta fara shiga raga. Masanin tattalin arziki Bas ter Weel ya kwatanta ƙungiyoyin Holan da suka kori koci da waɗanda suka shiga irin wannan mugun yanayi ba su kora ba, ya ga farfaɗowar tasu kusan iri ɗaya ce. Masu ƙungiya dai na ganin farfaɗowar, su ce kora ce ta yi aiki, su sake yi a gaba.

Sannan akwai canjin mai gida, wanda babu nasarar da ke kare koci daga gare shi. Thomas Tuchel ya ci wa Chelsea Zakarun Turai a 2021, sabbin masu ƙungiya suka sallame shi a Satumban 2022. Ko ba a canza mai gida ba hakan na faruwa: Roberto Di Matteo ya ci wa Chelsea wannan kofi a Mayun 2012, watan Nuwamba bai ƙare ba yana waje. Real Madrid ta raba gari da Vicente del Bosque a 2003 nan take bayan ya ci mata La Liga. A Italiya ma akwai wani tsari da ke kumbura lissafin: idan an sauke koci kwantiraginsa na nan, ana ci gaba da biyansa albashi, don haka shugaban ƙungiya kan sake kiran wanda ya sauke 'yan watanni baya tunda dama yana biyansa. Davide Ballardini ya riƙe Genoa har sau huɗu.

Ba kuma duk masu yawo ba ne iri ɗaya, a nan ne mutane ke haɗa abin da bai haɗu ba. Carlo Ancelotti ya riƙe Reggiana da Parma da Juventus da Milan da Chelsea da PSG da Real Madrid da Bayern Munich da Napoli da Everton, ya koma Madrid, sannan ya karɓi tawagar Birazil a 2025. Chelsea ta kore shi shekara ɗaya bayan ya ci mata lig da Kofin FA tare. Madrid ta kore shi shekara ɗaya bayan ya kawo mata kofin Turai na goma. Napoli ta kore shi a daren da ya doke Genk 4-0 ya tsallake zuwa zagaye na gaba a Disamban 2019. Idan muka bi ƙa'idarka, mutumin da ya ci Zakarun Turai sau biyar a matsayin koci, ya kuma ci lig a Italiya da Ingila da Faransa da Jamus da Sifaniya, ba gwani ba ne. Ina da tabbacin kai ma ba za ka ce haka ba.

Sam Allardyce wani nau'i ne daban. Shi kamar ɗan kwana-kwana ne, ana kiransa idan gobara ta tashi, kuma ba a tsammanin ya zauna a gidan bayan ya kashe wutar. Sunderland da Crystal Palace sun kira shi suna ƙasan teburi, ya toshe baya, ya gyara bugun kusurwa da bugun tazara, ya tara makin da ake buƙata, ya tafi. Sai a 2021 a West Brom ya fara faɗuwa daga Firimiya. Shi ɗin ne kuma ya zauna a Bolton daga 1999 zuwa 2007 ya kai ta gasar Turai. Haka David Moyes: shekara 11 a Everton, wata goma a Manchester United, ya faɗi da Sunderland a 2017, ya ci wa West Ham kofin Turai a 2023. Mutum ɗaya ne, ilimi ɗaya, abin da ya bambanta shi ne ƙungiyar da lokacin. Hervé Renard ya ci Kofin Afirka da Zambiya a 2012 da Kwaddebuwa a 2015, amma Lille ta kore shi cikin 'yan watanni. Shirya tawagar ƙasa don gasar wata ɗaya da riƙe ƙungiya kullum tsawon wata goma ayyuka biyu ne.

Ga inda zan ba ka gaskiya. Akwai kocin da yawonsa daga halinsa yake fitowa. Béla Guttmann ɗan Hungari, wanda ya ci wa Benfica kofin Turai a 1961 da 1962, ya yi aiki a ƙasashe da dama, kuma an san shi da ra'ayin cewa kaka ta uku ita ce ke halaka koci. Bayan kofi na biyu ya bar Benfica saboda saɓani a kan kuɗi. Mourinho ya bi wannan sawu kusan daidai: a Chelsea sau biyu, a Madrid, a Manchester United da Roma, nasara na zuwa da wuri, sannan dangantaka da 'yan wasa ko mahukunta ta yi tsami kafin shekara ta uku ta cika ko jim kaɗan bayanta. Salonsa na matsa wa mutane lamba da haɗa kan ƙungiya ta hanyar nuna mata abokan gaba yana aiki, amma yana gajiyar da mutane. Idan ka ga koci na barin kowane wuri da faɗa, 'yan wasa na sauke ajiyar zuciya bayan tafiyarsa, kuma ƙungiyar ta fi lalacewa fiye da yadda ya same ta, to yawonsa shaida ce a kansa. Gwanintar Mourinho ba abin musu ba ce, amma dalilin rashin zamansa ya sha bamban da na Ranieri.

Wannan tsari kuma na da tsada, kuma abin na damuna ƙwarai. Kocin da ya san wata shida gare shi ba zai sa yaro ɗan shekara 18 a wasa mai muhimmanci ba, domin kuskuren yaron na iya cin aikinsa, ribar kuwa wani ne zai ci. Zai nemi a sayo masa ɗan shekara 30 da ya sani. Idan ya tafi, magajinsa ya tarar da 'yan wasan da aka sayo don salon da ba nasa ba, ya nemi nasa, albashi ya taru, ƙungiya ta cika da ragowar koci uku. Watford a hannun iyalan Pozzo, tun 2012, ta mai da canza koci kamar ƙa'idar aiki, kuma a ganina Ranieri bai kyauta wa kansa ba da ya karɓi aikin a 2021, domin ya san babu wanda ake bai wa lokaci a can. Ba a kuma cika tuna mataimaka ba: mai horar da masu tsaron raga, mai kula da lafiyar jiki, mai nazarin bidiyo. Sukan tafi tare da kocin, ba su da irin diyyarsa, iyalansu na canza gari da makarantar yara duk bayan shekara ɗaya ko biyu.

Me ya sa ake sake ɗaukar wanda aka kora? Wani ɓangare tsoro ne. Mai ƙungiyar da ke gab da faɗuwa ya fi son sunan da zai iya karewa a gaban magoya baya, wakilai kuma na tura sunayen da ke hannunsu. Wannan na toshe ƙofa ga matasa da waɗanda ba su cikin da'irar. Pitso Mosimane ya ci Zakarun Afirka sau uku, ɗaya da Mamelodi Sundowns a 2016, biyu da Al Ahly ta Masar a 2020 da 2021, ya dawo da Al Ahli ta Jidda babban rukunin Saudiyya, amma bai taɓa riƙe ƙungiya a manyan gasannin Turai ba, alhali wasu da suka faɗi sau biyu ko uku ana sake kiransu. Wannan rashin adalci ne na gaske, kuma suka a kansa daidai ne.

Ɗaya ɓangaren kuwa shi ne waɗanda ke cikin harkar sun san kora ba hukunci ba ce a kan ilimin mutum. Kafin su ɗauka suna tambayar waɗanda suka yi aiki da shi: yaya atisayensa, yaya yake da ɗan wasan da ya ajiye a benci, me ya yi a makon da aka ci shi uku a jere. Shi ya sa idan ina auna koci mai yawo, abin da na fi ba nauyi shi ne ko wurin da ya bari ya sake nemansa, domin su ne suka san shi ciki da waje.

Valencia ta sake kiran Ranieri. Cagliari ta sake kiransa bayan fiye da shekara 30, ya karɓe ta a farkon 2023 tana tsakiyar teburin Serie B, ya hau da ita ta wasan cike gurbi da ƙwallon da Leonardo Pavoletti ya ci a Bari a ƙurarren lokaci, ya kuma tsirar da ita a Serie A a 2024, sannan ya ce ya gama da horar da ƙungiyoyi. Bayan wata shida Roma, ƙungiyar garinsu da yake goyon baya tun yana yaro, ta kori koci biyu a kaka ɗaya tana kusa da layin faɗuwa, ta kira shi karo na uku yana da shekara 73. Ya ƙare da ita ta biyar, ya miƙa wa Gian Piero Gasperini, ya koma mai ba masu ƙungiyar shawara. A Yunin 2025 hukumar ƙwallon Italiya ta nemi ya karɓi tawagar ƙasa, ya ce a'a, zai zauna a Roma.